Kube ya saki, wuƙa tana rawa: Yini guda a rumfar baduku

Da ƙara muka fara sanin akwai matsala, amma babu wanda ya ɗauke ta matsala. Duk lokacin da Baba ya taho daga fadama, tun kafin ya yi sallama a zaure mukan ji wani ɗan ƙwal-ƙwal yana bin takunsa, kamar an jefa tsakuwa ɗaya a cikin gwangwani. Wuƙarsa ce take kai-komo a cikin kubenta. Mu yaran gidan har mun mayar da ƙarar ƙararrawa. Wanda yake kwance ya tashi zaune, wanda ya baro karatun allo ya ruga ya ɗauko allonsa.

A hutun da ya wuce ne abin ya daina ba mu dariya. Lokacin yankan shinkafa ne, muna gona ni da autanmu, yaro ɗan shekara 12. Baba ya aike shi ya yanko igiyar ɗaure buhu, ya kwance wuƙar da kubenta ya ɗaura masa a ƙugu. Yaro da ƙuruciya, maimakon ya zagaya ta kan gadar katako, sai ya tsallake magudanar ruwa da gudu. Ina kallo wuƙar ta yi tsalle ta fice daga kube, ta juya sau ɗaya a sama, ta cake a laka da tsininta. Tsakaninta da ƙafarsa bai kai taƙi ɗaya ba, kuma ba takalmi a ƙafar.

Bai ma san abin da ya faru ba sai da ya ga fuskata. Da labarin ya isa gida, Inna ta yanke hukunci a taƙaice, ta ce wuƙar nan ba za ta sake kwana a gidan ba sai an yi mata gida na kirki. Baba bai yi musu ba. Ya miƙo mini ita, ya ce, "Kai ne ɗan jami'a. Ka gyara."

Abin da ya sa ba a jefar da ita

Wanda ya taso a birni zai ce a sayi sabuwa mana, nawa wuƙa take? To, a wajenmu maganar ba ta da sauƙi haka.

Auyo gari ne na ruwa da laka. Kogin Haɗeja ya ratsa ƙasarmu, ga madatsar ruwa ta Gamsarka da magudanan aikin noman rani na kwarin Haɗeja, waɗanda suka sa mutum yana iya noma shinkafa da damina, ya koma alkama ko tumatir da rani. Mai gona a nan yawanci yana taɓa su, masunci kuma yana da 'yar gonarsa. A duk waɗannan ayyuka wuƙa ba ta barin jiki. Da ita ake yanke koma idan ta sarƙe a saiwa, da ita ake fede tarwaɗa kafin a kai ta banda, da ita ake gyara igiya, a feƙe turke, a datse kachalla idan ta toshe bakin magudana. Kuma mutum yana aikin ne a sunkuye, ko cikin kwale-kwale mai tangaɗi, ko ruwa ya kai masa gwiwa. Wuƙar da ba ta zauna daram a kube ba, ko dai ta faɗa ruwa a yi asararta, ko ta faɗa kan mai ita.

Ita wannan ta Baba kuwa ta kakanmu ce. Ƙirar maƙera ce, baƙin ƙarfe, ƙotarta ta yi sulɓi saboda tsufa da gumin hannu. Ban san kakan nan ba, ya rasu kafin a haife ni. Abin da ya bari a gidan da hannuna zai iya taɓawa, daga buzun sallarsa sai wuƙar.

Gyaran 'yan boko

Sai in faɗi gaskiya, na fara da abin da yawancinku za ku fara da shi. Na yago tsumma na cusa a cikin kuben. Ƙarar ta ɗauke, na ji daɗi. Bayan kwana biyu na zaro wuƙar na ga tsatsa ta fara yi mata ɗigo-ɗigo, domin tsumman ya sha raɓa ya riƙe. Banda haka, kaifin ya riga ya yayyanka shi, rabinsa ya dunƙule a gindin kube ya hana wuƙar shiga har ƙarshe. Wato na ƙara mata saurin fita.

Na cire tsumma na koma ga robar tayar keke. Na naɗe bakin kuben da ita tamau. Ta riƙe kam, har ta yi yawa: sai ka sa hannu biyu ka fizga kafin wuƙar ta fito, kuma fizgar wuƙa da ƙarfi alhali ɗaya hannun yana riƙe da kube, hanya ce ta yanke yatsu. Da roba ta sha rana kwana kaɗan sai ta tsattsage. Wani abokina ya ce in tsiyaya gam mai kamawa nan take a ciki. Allah Ya taimake ni ban bi shawararsa ba.

Da Baba ya ga kube naɗe da roba kamar ƙafar da ta karye, bai ce komai ba. Washegari ya ce in shirya in shiga Haɗeja, ya kwatanta mini rumfar wani dattijon baduku da suka saba tun suna samari.

Ya duba wuƙa kafin ya duba kube

Na same shi a zaune kan buzu, ga basilla, ga almakashi, ga guntayen fata ja da baƙa da ɗorawa a cikin wani tsohon kwano. Yana ɗinke linzamin doki. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗan wane ne ni.

"Baba, kube na kawo a duba. Ya yi sako-sako."

Ya karɓa, ya zare wuƙar, ya ajiye kuben a gefe kamar ba shi aka kawo ba. Ya daɗe yana juya wuƙar a hannunsa, sannan ya ɗora ta a saman kuben daga waje, ya ce in matso in gani.

"Ɗana, dubi nan. Kube bai girma ba kawai. Wuƙar ce ta rame."

Sai a lokacin na lura. A jikin fatar akwai sawun inda ruwan wuƙar yake kwanciya tun asali, kuma sawun ya fi wuƙar yanzu faɗi da kusan rabin yatsa. Duk wasawa ɗaya tana cin ƙarfe kaɗan, abin da ido ba ya gani. Tara wannan kaɗan ɗin na shekara da shekaru, daga hannun kaka zuwa hannun uba, sai ka ga wuƙa ta koma siririya a cikin rigar da aka ɗinka mata tana da ƙiba. Ƙotar ma haka, icen ya bushe ya lashe, ga shi bakin kuben a kan ƙota yake kamawa, wajen yatsa biyu daga inda ƙarfe ya ƙare.

Ciwo na biyu ya gano shi da hanci. Ya shinshina cikin kuben ya tambaye ni ko ya taɓa kwana a ruwa. Na tuna ambaliyar 2020, wadda ta ci gonaki da gidaje a Auyo da maƙwabtanta. Kwanaki Baba ya yi yana shiga ruwa har ƙirji ana kwashe kaya, wuƙar tana ƙugunsa. Fata idan ta jiƙe takan yi laushi ta miƙe, kuma duk siffar da ta bushe a kai, ita za ta riƙe. Wannan ta bushe ne tana lilo a jikin mai tafiya, wuƙa tana dukan ta hagu da dama. Daga baya, don kada ta tsage, Baba ya riƙa shafa mata mai ba ƙaƙƙautawa, man ya ƙara sakar da ita.

Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro. Ya matsa kuben ta gefen ɗinki, sai ga baki ya buɗe. Zare ya tsinke a wuri uku, kuma ba tsufa ne ya tsinka shi ba, kaifi ne. Wuƙar da take rawa tana yanka duk abin da ta taɓa a ciki, sannu a hankali. Ya ce da an ƙara wata biyu, ba ta sama za ta fita ba, ta gefe za ta ɓullo. Ya nuna mini cinyarsa. Ko ɗan ajin kimiyya na sakandare ya san babbar jijiyar jini tana bi ta cinya, kuma idan ta yanke a tsakiyar fadama, nisan asibiti kaɗai ya isa ya kashe mutum.

Ba kowace fata ke jin magana ba

Kafin ya fara aiki sai da ya ɗiga ruwa a bayan kuben ya zuba ido. Ruwan ya ɗan tsaya saboda mai, sannan ya shige, wurin ya yi duhu. Ya gyaɗa kai ya ce jimar bagaruwa ce, za ta gyaru.

Wannan gwajin ya tsaya mini a rai, har da na koma makaranta na bi diddiginsa. Ashe jima iri biyu ce babba. Akwai ta gargajiya, wadda majemanmu suke yi da 'ya'yan bagaruwa. A cikin kwanson bagaruwa akwai wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, shi yake shiga tsakanin zaruruwan fata ya hana ta ruɓewa. Fatar da aka jeme haka tana da wata ɗabi'a: idan ta jiƙe za ka iya lanƙwasa ta yadda kake so, idan ta bushe ta tsaya a haka da ƙarfinta. Sai kuma jimar masana'anta da gishirin kurom, wadda aka fara a ƙarni na 19, kuma a yau ita ce mafi yawan fatar da ake yi a duniya. Irinta manyan kamfanonin jima na Kano suke yi a Challawa da Sharaɗa. Tana da laushi, tana jure ruwa, ta dace da takalmi da jaka. Amma ko ka jiƙa ta ka matse, ba ta riƙe siffa sosai. Idan ka yanki gefenta, sau da yawa za ka ga tsakiyar ta yi toka-toka mai ratsin shuɗi. Wanda kubensa irin wannan ne, ko kuma na fatar roba da ake kawowa daga waje, kada ya wahalar da kansa da jiƙo. Ɗinki da ciko ne kawai za su fisshe shi.

Akwai kuma wani abin da ya ba ni sha'awa. Tanin da ƙarfe ba sa haɗuwa a cikin danshi ba tare da sun yi baƙi ba. Da wannan dabarar ce dukawa suke haɗa kuloko, baƙin rinin da suke zane da shi a kan jar fata, suna jiƙa ƙarfe ko kashin maƙera. Abin da yake ado a bayan kube, shi ne ɓarna a cikinsa. Ka mayar da jiƙaƙƙiyar wuƙa cikin kuben bagaruwa ka bar ta, za ka tarar da fatar ta yi baƙi, ƙarfen ya ciwu. Malamin kemistare ya taɓa rubuta mana wannan a allo, na haddace na ci jarrabawa, amma ban gane shi ba sai a rumfar mutumin da bai taɓa shiga ajin ba.

Yadda aka yi aikin

Ya fara da farke tsohon ɗinkin gaba ɗaya. Kuben ya buɗe kamar littafi, sai ga tarin ƙasa da ɓawon kifi da guntun tsummana a gindinsa. Ya ɗago tsumman da basilla ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya kankare cikin, ya goge da toka don ta tsotse man da ya yi yawa, ya kakkaɓe.

Daga nan ya kwantar da wuƙar a ciki, ya manna bayanta da lanƙwasar fatar, ya ja layi da tsinin basilla yana bin kaifin, ya bar 'yar tazara. Sabon ɗinki a kan wannan layin zai bi, ba tsofaffin ramuka ba. Sai ya yanko zirin ƙirgi mai kauri, faɗinsa kamar ɗan yatsa, ya shimfiɗa shi tsakanin leɓɓan fatar biyu, daga baki har gindi. Na tambaye shi amfaninsa. Ya ce wannan shi ne mai gadin zare. Kaifi idan ya zo, shi zai tarar, ya ci fata maimakon ya ci ɗinki. Tsohon kuben ba shi da wannan zirin ko kaɗan, kuma na lura yawancin kubannin araha da ake ratayewa a kasuwa ba su da shi. Idan za ka sayi kube, leƙa gefen ɗinkin. Fata biyu ka gani ko uku? In biyu ce, ka san zaren yana fuskantar kaifi tsirara.

Ya shafa gam kaɗan don kada zirin ya goce, ya huda ramuka, ya ɗinke da zaren da ya murza da kakin zuma. Allura biyu ya yi amfani da su, suna shiga rami ɗaya daga ɓangarori biyu, ta yadda ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe. A wajen baki, inda wahala ta fi yawa, ya maimaita sau uku. Ya datse rarar fatar da ta fito.

Sai aka zo wurin da na fi so. Ya shafe wuƙar da mai, ya naɗe ta da leda tun daga tsini har ƙota, falle biyu kawai. Ya ce idan ledar ta yi kauri, kube zai bushe a kan ƙibar leda, ka koma gidan jiya. Ya sa yaronsa ya kawo ruwa mai ɗumi, irin wanda za ka iya tsoma hannu ka bar shi. Ya tsoma kuben na ɗan lokaci, ya fitar, ya jira ruwan ya ratsa. Na ce da tafasasshe aka sa ai zai fi saurin kamawa. Ya ce in gwada a kan nawa. Ruwan zafi yana ƙanƙance fata ya mayar da ita kamar ƙaho, ta yi tauri ta riƙa karyewa, kuma ba a dawo da ita.

Ya zura wuƙar a hankali har ta zauna, ya ɗauko wani guntun ƙashi mai santsi ya shiga dannawa. Yana bin gefen ƙarfen, yana bin inda ƙota ta fara, yana komawa. Ya fi ba da ƙarfi a daidai ƙarƙashin kumburin ƙota, har fatar ta yi ɗan wuya a wurin. Ya ce nan ne makullin. Kube na kirki ba kaifi yake riƙewa ba. Yana rungumar faɗin ƙarfe ta ɓangarori biyu, ya shaƙe ƙota a wuya. Wajen rabin awa ya yi yana wannan dannawar, muna hira, har siffar wuƙar ta fito a jikin fatar kamar ƙashin haƙarƙari a jikin ramammiyar saniya. Wanda ba shi da ƙashi, bayan cokali ma yana yi.

Ƙarshe ya yanko siririn zirin ɗanyar fata, wadda ba a jeme ba, ya jiƙa ta, ya naɗa a bakin kuben zagaye uku ya ƙulle. Ita ɗanyar fata idan tana bushewa janyewa take yi, sai ta zame wa bakin zobe. Ya ƙara ɗan maɗauri da zai zagaye ƙota, saboda mai aikin sunkuye.

"A inuwa za ka shanya," ya ce. "Ba rana, ba bakin murhu. Gobe da safe ka zare wuƙar ka goge ta, ka bar kuben ya ƙarasa bushewa shi kaɗai. Kwana biyu. In ya bushe ka shafa man kaɗe kaɗan a baya. Kaɗan na ce. Ka gaya wa babanka ba tuwo ba ne."

Kuɗin da ya karɓa bai kai abin da nake kashewa a data a mako guda ba.

In naka ba irin na Baba ba ne

Ba kowane kube ne yake buƙatar a farke shi ba. Na tambaye shi, ya ce idan ɗinki lafiya lau ne kuma sakin kaɗan ne, jiƙo da dannawa kaɗai sun isa. Idan kube mai katako a ciki ne, irin na takobi da wasu dogayen wuƙaƙe, jiƙo ba zai yi komai ba, domin ice ne ya lashe. Sai a manna ɗan zirin fata mai laushi a cikin baki, ta ɓangaren faɗin ƙarfe ko ta bayansa, ba ta wajen kaifi ba. A fara da siriri, a gwada, in bai isa ba a ƙara. In kuwa katakon ya tsage, a sake shi.

Akwai kuma wuƙaƙen zamani masu kuben roba mai tauri da suka fara yawa a kasuwanninmu. A Amurka da Turai ana yin wasu da wata roba mai suna Kydex, wadda take laushi idan ta ji zafi, ta daskare idan ta huce. Masu irin wannan sukan ɗumama wuyan kuben kaɗan, su matse shi da hannu cikin safar hannu har ya huce, wasu kuma suna da kusoshin da ake ɗaurewa. Dabarar dai ɗaya ce da ta dattijon nan, wuta ce kawai ta maye gurbin ruwa. Sai dai yawancin na kasuwarmu roba ce ta daban, wadda in ta ji wuta narkewa take yi ta lauye. Na ga wanda ya kara nasa a kan risho ya tashi da dunƙulen roba. A ƙasar Finland, inda suke da wuƙar gargajiya da ake kira puukko, kubenta yana haɗiye mafi yawan ƙota, a ciki kuma akwai ɗan katako ko roba da ke tsare kaifi. Masunta da mafarautan can sun gano abin da namu suka gano, cewa a ƙota ake kama wuƙa.

Ko wane iri ne naka, gwajin ɗaya ne. Ka tsaya a kan yashi, ka janye ƙafafunka baya, ka tabbatar babu yaro kusa. Ka kifa kuben, baki yana kallon ƙasa, ka girgiza sau biyu ko uku. Idan ta faɗo, aiki bai yi ba. Idan kuma sai ka yi kokawa kafin ta fito, ya yi yawa. Daidai shi ne babban yatsa ya tura bakin kube, wuƙa ta taho. Wanda kuwa wuƙa mai tsatsa ko mai laka ta yanka, kada ya tsaya a kan toka da tsumma, ya wanke ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Na san wani zai ce me ya kawo maganar wuƙa a shafin ɗalibai, a lokacin da fashin waya da faɗan daba suka sa iyaye a Kano da wasu garuruwa ba sa barci. Tambayar tana kan hanya. Ni dai abin da na lura, wuƙar da ake ɓoyewa a ƙugu a shiga gari da ita yawanci ba ta da kube, a takarda ko tsumma ake naɗe ta, domin mai ita ba ya nufin ta daɗe a wurinsa. Wadda nake magana a kai kayan aiki ce kamar lauje da fartanya, wurinta gona da bakin kogi da mahauta. Ba ta da abin yi a jakar makaranta ko ɗakin kwanan ɗalibai, kuma wanda jami'an tsaro suka kama da ita a can, kyan kubenta ba zai cece shi ba. Ba banza ba ne Bahaushe idan yana ba mai fushi haƙuri yake cewa ya mayar da wuƙarsa kube.

Rumfar da babu magaji

Muna jiran ruwa ya ratsa fata ne na tambaye shi ko yaron da yake taya shi ɗansa ne. Ya ce jikan maƙwabcinsa ne, kuma ba kullum yake zuwa ba. 'Ya'yansa maza uku, ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana sayar da kayan waya, ɗaya yana karatu. Bai faɗi haka da ɓacin rai ba. Ya ce aikin da yake samu yanzu yawanci na kayan doki ne idan hawan Sallah ya matso, sai kubannin mahauta gab da Layya.

Abin ya dame ni, domin sana'ar ba ƙarama ba ce a tarihinmu. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ake rinawa da karan dafi, ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suna saye daga hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suna kiran ta fatar Maroko. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba daga Turai, yawanci ƙirar garin Solingen, a Kano ake yi musu ƙota da kube a sake fitar da su. Wato ƙarfen na Jamus ne, amma sai ya bi ta hannun baduku kafin ya zama abin ratayawa. Har yau akwai unguwar Dukawa a cikin birnin Kano, akwai kuma cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata a Zariya. Mu nan ƙasar Haɗeja da ake ba mu labarin Gamon Kafur na zamanin Sarki Buhari, da tsayuwar Sarki Muhammadu a gaban Turawa a 1906, mawaƙa suna ambaton dawakai da takubba da mazajen da suka riƙe su. Ban taɓa jin an ambaci wanda ya ɗinka hamila da kube ba.

Ba ina cewa kowa ya bar karatu ya koma dukanci ba, ni ma ban bari ba. Amma na ƙirga abin da na koya a yini ɗaya, na ga da a ce duk hutu ina zuwa, da yanzu ina ɗinka wa kaina jakar kwamfuta. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zuwa idan mun samu hutu. Ya dube hannuwana ya ce basilla za ta huda su sau da yawa kafin su koya, in na yarda in zo da nawa buzun.

Na kwana biyu ina leƙa kuben a rataye a ƙarƙashin rumfar Inna. Rana ta uku na cire shi, ya yi tauri kamar ƙoƙo. Na zura wuƙar, ta shiga da ɗan jan numfashi, a ƙarshe ta ce ƙas. Na kifa shi a kan yashin tsakar gida na girgiza, Inna tana tsaye daga nesa da hannu a ƙugu. Ba ta faɗo ba. Baba ya karɓa ya gwada da kansa sau uku, ya ɗaura, ya ce in gaishe da mutumin in na koma.

Da yammacin ranar autanmu yana kwance a zaure yana wasa da wayata, allonsa yana jingine a bango. Bai ji komai ba sai ganin inuwar Baba ya yi a kansa.